Yadda muka kai Inna awon wutar ƙwaƙwalwa saboda mantuwa

Inna ta fi shekara 20 tana uwar adashe a unguwarmu. Ba ta yi boko ba, allo ta yi sai islamiyyar matan aure, amma kuɗin mata sama da 30 take riƙewa kuma ba ta taɓa rubuta ko sisi ba. Da ka take lissafinta. Ta san wadda ta zuba, ta san wadda ta yi fashi, ta san wadda kwasarta ta zo. Bara bayan ƙaramar salla ta ba mace ɗaya kwasa har sau biyu, ta kuma rantse ba ta yi ba. Ni da Yaya muka cike kuɗin a ɓoye don kada maganar ta fita. Daga nan sai salla: ta idar da la'asar ta naɗe darduma, can ta tambaye ni ko an kira la'asar. Abin da ya sa na kwana ban runtsa ba shi ne ranar da ta kira Yaya, ɗanta na fari, da sunansa na yanka a gaban baƙi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. 'Yan gida suka ce gigin tsufa ne, Gwaggo ta ce hannu aka sa mata saboda kuɗin mutane da ke wurinta. Shekarun Inna ba su kai 70 ba, kuma mahaifiyarta ta haura 90 da hankalinta garau, don haka maganar tsufa ba ta shige ni ba.

A wannan tsakanin na karanta a intanet cewa masana suna iya hango cutar mantuwa tun da wuri ta hanyar auna wutar lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa. Na riƙe wannan magana gam. Na ɗauka da zarar mun isa asibiti zan nemi a yi wa Inna gwajin, na'ura ta ce e ko a'a, mu dawo gida da amsa. Wata huɗu muka yi muna zarya, kuma abin da na tarar ya sha bamban da abin da na tafi da shi a raina. Shi ya sa nake rubuta yadda ta kasance daki-daki, ko wani zai huta da wahalar da muka sha a banza.

Ranar farko mun isa asibitin koyarwa na garinmu ƙarfe 6:30 na safe, muka tarar da layi har ya yi kwana. A nan na fara sanin ba a zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kai tsaye. Sai an yanki kati, an buɗe fayil, an ga likitan sashen marasa lafiya na waje, shi ne zai rubuta takardar turawa. Kati da fayil sun ci naira 2,000. Ba mu ga likita ba sai bayan azahar, kuma bai fi minti 10 da mu ba: ya auna jini ya tarar ya hau, ya duba katin ciwon sugarta, ya rubuta takarda. Da muka kai takardar sashen ƙwaƙwalwa aka ce rana ɗaya suke zama a mako, aka ba mu mako 5. A hanyar gida cikin adaidaita sahu Inna ta yi shiru, can ta ce, "Wurin mahaukata za ku kai ni ko?" Na ce mata a'a Inna, wurin likitan da ke duba masu shanyewar ɓarin jiki ne da masu ciwon kai. Gaskiya na faɗa mata, sai dai daga baya na gane likitocin taɓin hankali su ma suna duba masu mantuwa, kuma da can aka tura mu babu abin kunya a ciki.

Makonni biyar ɗin nan ne na yi abin da ya fi komai amfani a duk tafiyar, kuma ba wanda ya sa ni. Na sayi littafi mai shafi 40 na riƙa rubuta duk abin da na gani da ranarsa: yau ta bar tukunya a wuta ta tafi barka, yau ta tambaye ni abu ɗaya sau huɗu, yau lafiya ƙalau har ta ba jikokinta tarihin auren kakarsu ba ta tsallake komai ba. Cikin abin da na rubuta akwai wani da ban ɗauke shi a bakin komai ba. Sau uku ina magana da ita sai ta ɗauke wuta, ta ƙura ido waje ɗaya tana motsa leɓe kamar mai taunar wani abu, bayan kamar rabin minti ta dawo ta ce me nake cewa.

Ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa, bayan zaman awa huɗu a benci, ya ba mu kusan minti 40. Ya gaishe ta da Hausa, ya ce, "Mama, me ke damun ki?" Ta ce lafiyarta ƙalau, yaran nan ne da neman magana. Bai musa mata ba. Ya faɗa mata kalmomi ya ce ta riƙe zai tambaye ta anjima, ya ce ta lissafo sunayen dabbobi iya yadda za ta iya cikin minti ɗaya, ya tambaye ta wace rana ce da sunan mai unguwarmu. Sai ya fito da tsinken ashana huɗu ya jera su wani fasali, ya ce ta jera irinsa. Na yi mamaki, don na karanta cewa zane ake sa mutum da cire bakwai-bakwai daga ɗari. Ya ce gwajin da aka tsara wa 'yan boko yakan zalunci wanda bai taɓa riƙe biro ba, ya faɗi ba don ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ba. Wannan na ashana ya fito ne daga binciken da aka fara a 1992 ana kwatanta tsofaffin Yarbawa na Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka na birnin Indiyanafolis. Inna ta jera ashanar daidai. Dabbobi kuwa ta tsaya a 9, kalmomin da ya ba ta kuma biyu kawai ta tuno. Ina zaune a bayanta ina ji kamar in raɗa mata.

Daga nan ya ce a juye ledar magungunanta a kan tebur. Maganin hawan jini, maganin suga da ta shekara fiye da 10 tana sha, sai wata 'yar ƙwaya ta mura da take aika yara kemis su sayo mata kullum don ta samu barci. Ya ware wannan ya ce a daina, irin wannan maganin yana dusashe tunanin tsofaffi. Sannan ya karɓi littafina ya karanta shafi-shafi. Da ya zo kan ɗauke wutar nan sai ya tsaya, ya yi ta min tambayoyi: hannunta yana motsi? Tana tuna abin da ya faru? Tana yin barci bayan haka? Ni kuma na samu ƙofa na ce dama ina so a yi mata awon wutar ƙwaƙwalwa don a gane ko cutar mantuwa ce. Ya ce zai rubuta gwajin, amma ba don dalilina ba. Akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum, ba kumfa ba jijjiga, sai dai ya ɗauke na ɗan lokaci, kuma a wurin tsofaffi tana iya zuwa da kamannin mantuwa. Ita yake nema, don tana da magani. Ya rubuta takardu uku: gwajin jini, hoton ƙwaƙwalwa na MRI, da wata mai haruffa uku, EEG, wato awon wutar ƙwaƙwalwar.

A kan haruffan nan uku muka yi asarar yini guda. Na nuna takardar a bakin wata ƙofa aka nuna min layi, muka bi, na biya kuɗi, sai da muka shiga aka ce Inna ta kwanta a buɗe ƙirjinta na gane ba nan ba ne. ECG na zuciya ne, EEG na ƙwaƙwalwa, harafi ɗaya ne tsakaninsu kuma rubutun likita ba kowa ke karanta shi ba. Kuɗin da na biya bai dawo ba. Ɗakin da muke nema yana can wani gini daban, da muka same shi sun tashi. Washegari na koma ni kaɗai, na biya naira 25,000, na kai rasit aka rubuta mana mako 2, aka miƙo min wata 'yar takarda da Turanci na cusa a jaka ban karanta ba.

A gida kuma wata rigimar ta tashi. Gwaggo ta ji an ce wayoyi za a jona a kan Inna, ta ce ba da ita ba, wuta za a sa wa 'yar'uwarta a ka. Sai da na zauna na yi mata bayani kamar yadda aka yi min. Na'urar ba ta saka komai a jiki, saurare kawai take yi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da wuta suke aika wa juna saƙo, wuta 'yar mitsitsiya, wadda abin da ke isowa fatar kai yawanci bai kai kashi ɗaya cikin 10,000 na ƙarfin batirin tocila ba. Wani likitan Jamus mai suna Hans Berger ne ya fara ɗaukar ta daga kan mutum a 1924, shekara ɗari ke nan ana yi, har jarirai ana yi wa. Na ce mata addu'a da tofin da take yi wa Inna ta ci gaba, ba wanda ya hana. Ta yarda da sharaɗin za ta bi mu.

Zuwanmu na farko an koro mu. Mun tsefe kitson Inna tun dare, wannan na ji an faɗa, amma ƙanwata ta ga gashin ya bushe ta shafe shi da man kitso har fatar kai. Ma'aikaciyar ɗakin ta sa yatsa ta taɓa ta ce ba zai yiwu ba, wayoyin ba za su kama ba, ko sun kama zanen zai fito da datti. Ta ce ai yana cikin takardar da aka ba ni. Inna ta tashi tun asuba, ta sha rana, ta koma gida ba a yi komai ba, kuma ranar ce kaɗai na ga ta yi hawaye. Aka ƙara mana mako guda. Abin da takardar ta ƙunsa shi ne a tsefe kai, a wanke da sabulu, a bar shi ya bushe ba mai ba komai, a karya kumallo, a sha magungunan da aka saba sha sai dai wanda likita ya hana, a kuma guji shayi da kofi. Ma'aikaciyar ta ƙara da goro da bakinta, don sinadarin da ke hana barci a kofi yana cikinsa. Ga Inna wannan ya fi komai wuya.

Ranar da aka yi, na roƙi mace ta yi mata saboda cire ɗankwali, aka kuwa yi mana haka ba gardama. Ta auna kan Inna da tef irin na tela, daga karan hanci zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne, tana ɗiga alama. Ta goge kowane wuri ta manna 'yan faifan ƙarfe ƙanana kamar maɓalli da wani farin manni, guda 21 na ƙirga, kowanne da wayarsa. Wannan kaɗai ya ɗauki kusan rabin awa. Aka rage haske, Inna ta kishingiɗa, aka bar ni na tsaya bayan kwamfutar. Layuka ne jere suna gudu suna hawa da sauka. Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, rufe idonki." Nan take layukan ƙasa, na wajen ƙeya, suka shiga kaɗawa a tsare kamar ruwan kududdufi da iska ta taɓa. Ta ce, "Buɗe," kaɗawar ta ɓace. Ta ce min wannan ita ake kira alfa, tana bayyana idan mutum yana farke, a natse, ido rufe. Can sai zanen ya hargitse ya yi baƙi. Muka duba, ashe Inna tasbihi take ja, leɓɓanta da muƙamuƙinta suna motsi, wutar naman fuska ta danne ta ƙwaƙwalwa. Ma'aikaciyar ta matsa kusa ta ce, "Mama, ki ci gaba da zikirinki, amma a zuci." Layukan suka kwanta. Ban san me ya sa ba, a nan ne nawa hawayen suka zo. Bayan haka ta tambaya ko Inna na da ciwon zuciya ko ta taɓa samun shanyewar jiki, da na ce a'a ta sa ta jan dogon numfashi na minti 3, sannan aka haska mata fitila mai walƙiya. Ɗaukar kanta ba ta wuce minti 30 ba. Ba zafi ko kaɗan, sai mannin da muka sha wankewa a gida.

Ma'aikaciyar ba ta faɗa min sakamako ba, na matsa ta ce ba hurumin ta ba ne, likita ne zai karanta. Kwana 10 muka jira. A tsakanin muka yi gwajin jini, naira 38,000, da hoton MRI da muka yi a wani wuri mai zaman kansa saboda na'urar asibitin tana gyara, naira 120,000, wanda sai da 'yan'uwa suka yi karo-karo. Waɗannan kuɗin bara ne, kowa ya san yadda farashi yake yanzu, a tambaya kafin a fito.

Da muka koma likita ya baje takardun uku a gabansa. Na EEG ya fara ɗauka. Ya ce ba a ga tartsatsin farfaɗiya ba, amma kada in saki jiki, don ɗaukar rabin awa sau da yawa ba ta dacewa da lokacin da abin ke motsawa. Idan Inna ta sake ɗauke wuta in ɗauke ta bidiyo da waya, idan ta kama a sake gwajin bayan an hana ta barci. Sai ya zo kan abin da ni na zo nema. Kaɗawar alfa a lafiyayyen babba tana tsakanin sau 8 zuwa 13 a sakan ɗaya. Ta Inna tana kan 8, a bakin iyaka, kuma akwai 'yan wurare ta gefen kai inda kaɗawa mai nawa, ta sau 4 zuwa 7 da ake kira tita, take leƙowa. Na ce to shi ke nan, cutar ce? Ya girgiza kai. Ya ce gaskiya ne a cutar Alzheimer, wadda nau'i ce ta cutar mantuwa, wutar ƙwaƙwalwa tana rage gudu, alfa ta ja baya, masu nawa su ƙaru, kuma masu bincike suna ta aiki da kwamfuta don su mayar da wannan ma'aunin da zai nuna cutar da wuri, tunda gwajin ya fi hoto araha nesa ba kusa ba. Amma idan aka tara mutum ɗari ake ganin bambancin sarai. A kan mutum ɗaya da ke zaune gabanka, mai cutar a farkonta zai iya fito da zane lafiyayye, wanda ba shi da ita kuma gyangyaɗi, ko magani, ko ciwon ƙoda ko hanta su rage masa gudu. Inda gwajin ya fi ƙarfi, in ji shi, shi ne kama farfaɗiya, da ruɗewar da ke zuwa farat ɗaya saboda wata cuta a jiki, da taimakawa wajen gane wani nau'in mantuwa da ake kira na Lewy, wanda mai shi kan ga mutane ko dabbobin da babu su.

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Wata huɗu da kuɗi masu yawa, ga shi na'urar ba ta ce e ko a'a ba. Sai da ya ɗauki sauran takardun na fara fahimta. Jinin ya nuna bitamin B12 ɗinta ya yi ƙasa, abin da maganin suga na metformin kan jawo idan an daɗe ana sha, kuma ƙarancinsa yana taɓa tunani. Hoton ya nuna ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa sun fara gajiya, aikin hawan jini da suga na shekaru. Da ya haɗa waɗannan da gwajin kalmomi da littafina, ya ce Inna tana matakin da suke kira raunin tunani mai sauƙi: ya wuce mantuwar shekaru, bai kai cutar da ke hana mutum kula da kansa ba. Daga wannan mataki wasu suna wucewa gaba, wasu su tsaya a nan shekaru, wasu ma su farfaɗo idan an gyara abin da ya jawo. Ya rubuta allurar B12, ya canja maganin hawan jini, ya tura mu a auna jinta don ya lura tana karkato kunne ɗaya, ya ce mu dawo bayan wata 6.

Da zan sake wannan tafiya, littafin zan fara saya kafin kati. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma likita minti 40 ya ga Inna, ni kuwa kullum nake ganin ta. Layi ɗaya a littafin nan ne ya sa aka rubuta gwajin, ba roƙona ba. Wanda zai raka tsoho ya zama wanda suke kwana gida ɗaya, ba wanda ya fi kowa Turanci ba, ya kuma kwashi duk magungunan har na kemis da na gargajiya. Duk takardar da aka miƙo a tsaya a karanta a wurin, in ba a gane ba a sa su fassara. Kuma kada wanda ba shi da kuɗin awon wutar ƙwaƙwalwa ya ce don haka ba zai je asibiti ba. Ba kowane mai mantuwa ake rubuta wa ba, gwajin jini ne ya ba mu abin da muka iya gyarawa nan take. Ina kuma jin tsoron wuraren da za su ce da na'ura kaɗai za su faɗa maka ko mahaifinka zai rikice nan da shekara biyar. Abin da na gani da idona bai kai nan ba tukuna.

Abin da ya fi ci min rai shi ne watannin da muka ɓata muna cewa tsufa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na masu cutar, cikinsu har da hawan jini, suga, raunin ji, raunin gani da zaman kaɗaici. Uku daga ciki Inna tana ɗauke da su muna kallo. A unguwarmu na san tsofaffi biyu da aka kulle a ɗaki ana cewa sun ruɗe, ba wanda ya taɓa kai su a ɗebi ko jini.

Yanzu wata 4 ke nan da fara allurar. Ba zan ce Inna ta koma yadda take ba. Tana maimaita tambaya, amma ta rage, kuma ɗauke wutar sau ɗaya ta sake yi, na kuwa samu na ɗauka a waya. Adashen ba mu karɓe mata ba, likita ma ya ce kada a karɓe. Jikarta ce ke zama gefenta da littafi ranar zubi, Inna ta faɗi suna da kuɗi da ka, yarinyar ta rubuta, inda suka saɓa a sake ƙirgawa. Takardar EEG ta farko tana cikin leda a ƙasan akwatina tare da hoton da rasit-rasit, don likita ya ce idan aka sake gwajin da ita za a gwada a ga ko 8 ɗin nan ta motsa. Saura mako 7 mu koma, kuma na riga na gaya wa mai kitso kada ta zo a makon.